Mujiya da Shebur: Sharhi a Kan Wani Wasan Kwamfuta

Mun saba ɗora littafi ko waƙa bisa ma'aunin sharhi, wani lokaci har da wasannin tashe da na dandali. To, yau yaranmu sun sami sabon dandali, wato wasan kwamfuta, kuma ban ga dalilin da zai hana a auna shi ba. Wanda na zaɓa shi ne Animal Crossing: New Horizons, na kamfanin Nintendo na Japan, wanda ya fito a watan Maris na 2020.

Tsarinsa ba wuya. Ana sauke mai wasa a wani tsibiri, ya gina gida, ya yi su, ya dasa itatuwa. Kowace rana yakan tarar da wasu wurare inda ƙasa ta tsage kamar tauraro. Sai ya sa shebur ya tono ƙashin wata halitta ta zamanin dauri, wanda ya rikiɗe ya zama dutse, ya kai wa mai kula da gidan tarihi, wata mujiya mai suna Blathers. Bahaushe in ya ji kukan mujiya tsari yake nema, amma a nan ita ce malamar gari. Ita za ta faɗi sunan abin, daga nan zaɓi ya rage ga mai wasa: ko ya ba gidan tarihi kyauta, ko ya kai kanti ya sayar.

Cikin irin waɗannan ƙasusuwa 73 akwai na Archaeopteryx, wanda ya rayu shekaru kusan miliyan 150 da suka wuce. Girmansa bai wuce na hankaka ba. Yana da gashi da fukafukai irin na tsuntsu, amma ga haƙora a baki, ga farata a fiffike, ga doguwar jela mai ƙashi. An tono shi a 1861 kusa da Solnhofen a ƙasar Jamus, shekara biyu bayan fitowar littafin Darwin, shi ya sa ya tayar da ƙura a Turai.

Abin yabo a wasan shi ne zaɓin nan. Yaro ya riƙe abu mai kuɗi, ya haƙura da kuɗin, ya miƙa shi inda kowa zai gani. Wannan tarbiyya ce, kuma an koyar da ita ba tare da wa'azi ba.

Inda na saɓa da masu wasan shi ne batun wuri. A tsibirin nan Archaeopteryx na iya fitowa a bayan ɗakinka, gobe kuma a rami ɗaya ka sami ƙashin Spinosaurus, wanda a Masar aka fara tono shi a 1912. Alhali na gaskiyar daga duwatsun farar ƙasa na jihar Bavariya suka fito, inda laka mai laushi ta riƙe shatin gashin. Ba don lakar ba, da ba wanda zai ce tsuntsu ne. Hasali ma akwai guda da aka yi shekaru ana ɗauka ƙaramin dinoso ne, don shatin gashinsa bai fito sosai ba. Wato rabin labarin yana cikin ƙasar da ta rufe shi.

Mutumin Daura ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ɗebi ruwan Kusugu a kwalba ka kai Legas, ruwa ne kawai. Abin da ke kawo baƙi su sha shi ne rijiyar a inda take, da labarin macijin da ba ya barin a ja ruwa sai Juma'a, da Bayajida, da Daurama.

Kada mai karatu ya ce ai wasa ne. A 1907 Bature Palmer ya haƙa kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke tsakanin Katsina da Daura, aka sake haƙawa a 1992, wannan karon da awo da rubutu. A 2000 kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ake wawashewa. Masu tono su a ɓoye ba su auna zurfi, ba su rubuta abin da ke kwance kusa da su. Ko da an ƙwato kayan daga baya, wannan sanin ya tafi. Sheburin da wasan ya damƙa wa yaro irin nasu ne: sara ɗaya, a ɗauke, a cike rami. Ita kuwa mujiya, duk surutunta a kan haƙora da fukafukai, ba ta taɓa tambayar mai wasa inda ya samo abin ba.