Cocinmu Na Ƙara Girma, Masu Zanenmu Na Waje

Daga Kujama zuwa Kachia, Zonkwa har Kafanchan, gine-ginen coci sai ƙara girma suke yi. Abin godiya ne, domin da gumin manoma da 'yan kasuwa da zumuntar mata ake tara kuɗin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cikin ginin. Kusan duk wanda ka shiga kamarsu ɗaya: tayil mai santsi, fitilu masu walƙiya, sai hoton Yesu mai jan gashi da shuɗin ido, wanda aka ɗauko daga intanet aka buga a kan leda. Kwamitin gini zai ware kuɗin lasifika da janareta, amma mai zane ba ya cikin lissafi.

Ga wani misali: a garin Vence da ke kudancin Faransa akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin sujada na sistocin Dominikan, wanda bai kai rabin wasu majami'unmu ba. Mai zane Henri Matisse ne ya ƙawata shi daga 1947 zuwa 1951, yana tsoho mai fama da ciwo, saboda wata sista da ta taɓa jinyarsa kafin ta shiga hidima. Launi uku kawai ya sa a gilashin tagogi: rawaya, kore da shuɗi. Bangon kuwa farin tayil ne da zane na baƙin layi. Hatta rigunan fada shi ya tsara. Har yau mutane na tahowa daga nesa don su gani.

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce. A Legas, a 1967, Fada Kevin Carroll ya sa Bruce Onobrakpeya ya zana matakai 14 na Hanyar Gicciye don cocin St. Paul da ke Ebute Metta. Onobrakpeya ya sa wa mutanen ciki tufafin Najeriya, sojojin da suka azabtar da Almasihu kuwa ya ba su kakin 'yan mulkin mallaka. A 2024 gidan tarihi na Smithsonian a Amurka ya baje kolin bugun wannan aiki a kan takarda. A Ibadan kuma, Demas Nwoko ya tsara ɗakin sujadar Dominikan a shekarun 1970. Onobrakpeya da Nwoko a Zariya suka yi karatu, cikin ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a 1958, masu cewa a haɗa fasahar gida da ta zamani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abokinsu Uche Okeke, jagoran wannan tunani. A Kafanchan ya tashi, a firamaren St. Peter Claver ya fara karatu, kuma a garin ya fara buɗe cibiyar al'adu wadda daga baya ta zama Asele Institute a Nimo. Ya je Munich ta Jamus ya koyi aikin gilashi mai launi. Mutum irin wannan ya fito daga layukan Kafanchan, ga ƙauyen Nok kusa, inda kakanni suka ƙera siffofin yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ga Gbagyi da suka ba duniya Ladi Kwali ta jikin naira 20. Da duk wannan gado, a ce abin da za mu rataya bayan bagadi shi ne leda mai kodewa kafin damina biyu?

Na san 'yan'uwanmu na ECWA da Baptist ba sa son siffofi a wurin sujada, kuma ina girmama hakan. To, ai akwai ƙofa da za a sassaƙa, akwai mumbari, akwai zanen bango da saƙar da za a shimfiɗa a tebur. Batun kuɗi kuwa, zanen bango ɗaya bai kai tsadar tayil ɗin ƙasa ba.

Iyayenmu fadoci da fastoci, da ku 'yan kwamiti: Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masu zane da sassaƙa kowace shekara, cikinsu har da 'ya'yanmu. Ku fara da ƙaramin coci na ƙauye. Ku kira ɗaya daga cikinsu tun ana zana fulan, ku zauna da shi, ku biya shi haƙƙinsa yadda kuke biyan magini.