"Ai na san ƙarshen!" To, sai mi?

A zamanmu na watan jiya, wata ƴar'uwarmu ta karanta gajeren labarinta: ɗiya ce aka ba wani Alhaji, alhali ranta na wajen wani ɗan kabu-kabu. Ba ta kai rabi ba wani ya ɗaga murya daga baya: "Ai na san ƙarshen, gudu za ta yi!" Aka fashe da dariya. Ta naɗe kayenta, har yau ba ta sake zuwa ba. Ni ma na yi dariyar, kuma abin na ci mini rai, shi ya sa na ɗauki bik.

Gaskiya ne, gudun ɗiyar ta yi. Amma don ka canki ƙarshen labari, shi ke nan labarin ya lalace?

Mu fara daga gida. Muna yara, da kaka ta ambaci Gizo mun san zai yi wayo, mun san kwaɗayi zai kai shi ya baro. Wa ya taɓa tashi ya bar tabarmar? Gobe ma ita muke roƙo. A 1928 Vladimir Propp ya nazarci tatsuniyoyin Rasha, ya tarar ayyuka 31 ne ke ta maimaituwa a jere guda. Sunaye ke sakewa, ƙashin bayan na nan.

Dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. Littafin ya buɗe da Umar ya riga ya zama babban malami, almajirai na tambayar asalinsa. Ke nan tun shafin farko ka san yaron da aka sace aka kai bauta bai mutu ba. Duk da haka in ka iso wurin uwarsa tana bin sawunsa cikin hamada, wallahi sai jikinka ya yi sanyi. Haka Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda Med Hondo ya maida fim a 1986. Duk wanda ya yi tarihi a lakwal ya san yaƙin Lugu na 1899, ya san Voulet da Chanoine sojojinsu ne suka kashe su. Wannan bai hana fim ɗin cin babbar kyautar FESPACO a 1987 ba.

A sashenmu na kimiyyar harshe ana koya muna cewa mai saurare ba ya zama hannu rabbana, kullum yana hasashen kalmar da ke tafe. In na ce "Komai nisan jifa", kai ke ƙarasawa. Karin maganar bai mutu ba don ka san sauransa, daɗinsa na wurin da aka jefa shi. Labari ma haka: mai karatu na gaba da kai taku guda, aikinka shi ne ka sa ya damu da abin da ya hango.

Ban ce kowane labarin da aka canka mai kyau ne ba. Cankar iri biyu ce. Akwai wadda ke fitowa daga halin mutanen labarin: ka san ɗiyar za ta gudu don an nuna maka taurin kanta tun farko. Akwai kuma wadda ke fitowa daga lalacin marubuci: ka san talakan nan zai zama ɓataccen ɗan attajiri don ka gani a fim ashirin. Ta biyun ita ce cuta, kuma ana gane ta da alama guda: in ka cire juyin, ba abin da ya rage.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin da muke nema. Don gudun a ce an canke mu, sai mu kashe jarumi da hatsarin mota a shafin ƙarshe, ko mu ce ashe mafarki ne. Ba wanda ya hango, i, amma don ba a shuka komai ba. Mai karatu ya ji an yi masa zamba.

Saboda haka a zama na gaba, in wani ya ce ya san ƙarshen, mu tambaye shi: da ka sani, ka so ka ji sauran? Ni dai na so. Akwai wurin da uwar ɗiyar ke ƙirga kwanonin gara tana kuka ba sauti, kuma dariyarmu ta hana mu jin abin da ya biyo.

Ƴar'uwa, in ɗan littafin nan ya iso hannunki, ki yi haƙuri ki dawo da kayen.