Haihuwar Gauraye a Kitabul Hayawan: Abin da Jahizu Ya Gani da Abin da Aka Jingina Masa

Tun lokacin da malamin nan na Turkiyya, Mehmet Bayrakdar, ya fitar da maƙalarsa a mujallar Islamic Quarterly a 1983, yana mai cewa Abu Usman Amru ɗan Bahar al-Jahiz, wanda ya rasu a Basra a shekara ta 255 bayan Hijira, ya riga Darwin gano sauyawar halittu, maganar take ta yawo, har ta zama abin da ɗalibi kan jefa a wajen muhawara alhali bai taɓa buɗe Kitabul Hayawan ba. A ɗaya gefen kuma akwai masu ɗaukar duk wani zance kan samuwar sabon nau'in halitta a matsayin ƙofar ilhadi. Littafin dai yana nan cikin mujalladi bakwai na bugun Abdussalam Harun, kuma wurin da ya fi dacewa a auna Jahizu shi ne inda ya yi magana kan dabbar da aka haifa tsakanin iyaye mabambanta, wadda malaman fiƙihu ke kira mutawallid.

Dalilin zaɓen wannan wuri shi ne, tambayar samuwar nau'i tambaya ce ta haihuwa. Doki da jaki suna kiwo a fili ɗaya, tunkiya da akuya suna kwana a garke ɗaya, amma kowanne yana nan a matsayinsa. Ma'anar da Ernst Mayr ya bayar a 1942, wadda littattafan sakandare ke maimaitawa, ta ce nau'i shi ne taron halittun da ke barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya masu haihuwa, kuma akwai shamaki tsakaninsu da sauran taruka. Shamakin kan zo kafin barbara, kamar bambancin wurin zama ko lokacin neman juna, ko ya zo bayanta, cikin ya zube ko ɗan ya fito bakarare.

Inda Jahizu ya fi nuna gwaninta shi ne batun raƙumin dawa. A zamaninsa an yarda cewa wannan dabba gauraye ce ta raƙumi da saniyar daji da kura, hujjar kuwa ita ce sunanta na Farisanci wanda ya haɗa sunayen dabbobi uku. Jahizu ya yi watsi da wannan, ya nuna cewa suna kamanceceniya yake bayyanawa, ba ya tabbatar da nasaba. Kamaluddin ad-Damiri, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya naƙalto matsayin nasa a Hayatul Hayawan al-Kubra: raƙumin dawa nau'i ne mai zaman kansa kamar doki da jaki, tunda yana haifar irinsa. Wannan ma'auni na haifar irinsa ya kusanci na Mayr ƙwarai, kuma da hankali da lura aka kai gare shi. Bahaushe ma da zai bi sunan da ya laƙaba wa dabbar, da ya faɗa ramin da Jahizu ya tsallake, duk da cewa ragowar garkenta na Afirka ta Yamma yana nan a Kure ta Jamhuriyar Nijar, yana haihuwa shekara da shekaru.

Kuskuren nan ya tsallaka daga littattafan dabbobi zuwa littattafan hukunci. Abu Ishaƙ ash-Shirazi ya lissafa raƙumin dawa cikin abin da aka haramta ci a littafinsa at-Tanbih, Imam Nawawi ya tafi a kan haka a sharhin Muhazzab, kuma daga cikin dalilan da aka ambata har da cewa an haife shi tsakanin abin da ake ci da wanda ba a ci. Taƙiyyuddin as-Subki ya yi fatawa da halaccinsa. Ƙa'idar Shafi'iyya ta rinjayar da haramci a kan mutawallid ba ta da aibi. Surar mas'alar ce aka ɗauko daga labarin da bai inganta ba.

Sai dai wuƙar da Jahizu ya yanka labarin raƙumin dawa da ita ba ta hau kan kowane labari ba. Larabawa suna cewa dabbar da suke kira sim'u ɗan kyarkeci ne da kura. Ya kawo wannan da lafazin riyawa, ya ƙawata shi da baitocin mawaƙa, ya wuce. Ilimin yau ya nuna kura ta fi kusa da dangin kyanwa a kan dangin kare, don haka wannan haihuwa ba ta aukuwa. A nan adabinsa ya rinjayi bincikensa, domin abin da waƙar Jahiliyya ta ambata yana da wata alfarma a wurinsa wadda sunan Farisanci bai samu ba. Mai karatu ya kamata ya riƙa lura da wannan a duk faɗin littafin.

Alfadari kuwa har risala guda Jahizu ya keɓe masa. Ya lura da juriyarsa da tsawon ransa da rashin haihuwarsa, ko da yake ya jingina tsawon ran ga ƙarancin barbara, bayanin da ba shi da madogara mai ƙarfi. Abin da bai samu hanyar gani ba shi ne ƙunshin gado da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira kuromosom: doki yana da 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, waɗanda ba sa jeruwa bibbiyu yadda ya kamata lokacin da jiki ke haɗa ƙwayar haihuwa. Sakamakon kansa sananne ne tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa Sayyidina Ali ya kawo shawarar a riƙa ɗora jakuna a kan goɗiyoyi, aka nuna masa wannan aikin waɗanda ba su sani ba ne, Khaɗɗabi kuma ya bayyana hikimar da cewa yin hakan zai rage yawan dawaki. Duk cikin goɗiyar da ya tafi ga alfadari zuriya ce da ta yanke.

Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi yana da makamin fahimtar wannan. Rashin haihuwar alfadari hukunci ne na al'ada, wanda maimaituwa ta tabbatar, kuma saɓawarsa mai yiwuwa ce a hankalce. An kuwa samu alfadarar da ta haihu a Maroko a 2002. Haka nan raƙumin da Jahizu ya ambata, wanda ake samu tsakanin mai tozo ɗaya da mai tozo biyu, yana haihuwa, alhali masana suna lissafa iyayensa nau'i biyu. Shamakin da ke tsakanin nau'o'i yana da kauri a wani wuri, yana da sirantaka a wani, kuma ma'anar Mayr, idan aka haddace ta kamar matani, takan ɓoye wannan.

Wani rikicin daga kalma yake tasowa. Jinsi da nau'i a manɗiƙi daban, a fiƙihu daban, a ilimin halittu daban. Risalar Ibnu Abi Zaid ta haɗa tumaki da awaki wajen cika nisabin zakka, alhali tunkiya tana da kuromosom 54, akuya 60, kuma cikin da ya shiga tsakaninsu kusan kullum zubewa yake. Mai garken Uda da jajayen awakin Sakkwato a Tambuwal zai haɗa su ya ƙirga arba'in, kuma ya yi daidai, domin fiƙihu kusancin amfani yake dubawa. Mukhtasar na Khalil ya cire zakka daga abin da aka haifa tsakanin dabbar gida da ta daji, masu sharhi kuma sukan ba da misali da barewa da akuya. Wannan misali ba ya aukuwa, amma mas'alar tana da gurbi, tunda akuyar gida tana haihuwa da akuyar dutse ta daji.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu yana cikin gonakin gero na Dogon Daji da Kebbe. Manomi ya san shibra: tana tsiro tare da gero, ganyenta kamar nasa, ba a rabe su sai sun fitar da kai, sannan tsabarta ta kakkaɓe ƙasa kafin girbi, ta jira damina mai zuwa. Masana tsirrai sun tabbatar da cewa shibra tana ɗauke da gadon geron gida da na geron daji na Sahel, wanda daga gare shi aka samo na gida. Tsofaffin shaidun noman gero, na kimanin shekara 4,500, daga kwarin Tilemsi na ƙasar Mali suka fito. Sunan Hausar ma shi Brunken da de Wet da Harlan suka yi amfani da shi a bincikensu na 1977. Gero da danginsa na daji kuromosom 14 gare su, iska tana kai garin furen wannan ga wancan, 'ya'yan kuma suna haihuwa. Abin da ke tsare gero ya zauna gero shi ne hannun manomin da ke cire shibra, yana ware manyan zangarniya don iri. Tsakanin gero da maiwa kuma lokaci ne ke shiga: gero ya yi fure da wuri, maiwa ta jira sai rana ta fara gajarta. Nau'insu ɗaya, amma ga shamakin lokaci a farkon ginuwarsa, ana kallonsa daga bakin gona.

A nan ne da'awar Bayrakdar take raunana. Gaskiya ne Jahizu ya yi magana kan tasirin ƙasa da iska da ruwa a kan halitta, ya ba da misali da Harrar Banu Sulaim inda dabbobi suka yi baƙi kamar duwatsun wurin, ya kuma siffanta yadda mai ƙarfi ke cin mai rauni. Amma bai bayyana yadda taro ɗaya ke rabewa biyu har barbara ta yanke a tsakaninsu ba, kuma bai nemi yin hakan ba. Shi Mu'utazili ne, almajirin Nazzam, manufarsa nuna hikimar Mahalicci a cikin ƙuda da tururuwa. Sanya masa rigar ƙarni na 19 tauye masa haƙƙi ne, domin yana rufe ainihin abin koyi a wurinsa, wato ƙin karɓar labari sai an gwada shi.

Rabewar da Jahizu bai yi magana a kanta ba, a ƙasar Hausa aka yi ɗaya daga manyan binciken da suka haska ta. A aikin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, masanin Italiya Mario Coluzzi ya duba kuromosom na sauron Anofilis, inda ido ke ganin sauro ɗaya amma gado ke nuna taruka mabambanta. Anofilis gambiye da Anofilis arabiyensis, idan aka haɗa su a ɗakin gwaji, 'ya'yansu maza bakarare ne, mata suna haihuwa. Daga baya aka gano cewa gambiye kansa ya kasu biyu, har a 2013 aka ba kashi ɗaya suna na kansa, Anofilis koluzi, don tunawa da Coluzzi. Wannan ya fi sabawa da ruwa mai daɗewa irin na fadamar shinkafa, ɗayan kuma ya fi son kududdufin da ruwan sama ya bari. Da almuru mazan kowanne sukan yi cincirindo a nasu wurin, kamar yadda aka lura a Mali: koluzi a saman wata alama da ta bambanta da ƙasar da ke kewaye da ita, gambiye a saman fili fetal. 'Ya'yan gaurayensu suna haihuwa lafiya, amma a mafi yawan wurare ba safai ake samun su ba.

Babu wani nassi da wannan ya ci karo da shi. Halittar Annabi Adam, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wahayi ne ya zo da labarinta, kuma rabewar sauro ba ta da abin cewa a kanta. Sababin da ya raba taron sauro biyu, a aƙidar Ash'ariyya, al'ada ce da Allah Ya gudanar, kamar yadda Ya gudanar da ƙuna a tare da wuta. Aya ta 26 ta Suratul Baƙara ma da sauro aka buga misali a cikinta.

Sirantakar shamakin kuma tana da alaƙa kai tsaye da lafiyar yara. A wani ƙauye na kudancin Mali, a 2006, jim kaɗan bayan an fara raba gidajen sauro masu magani, aka ga gauraye tsakanin gambiye da koluzi ya ƙaru na ɗan lokaci, kuma ta wannan kafa gadon jure maganin ya tsallaka daga gambiye ya bazu cikin koluzi. Bayan haka taron biyu suka ci gaba da zama daban, amma koluzi ya riƙe abin da ya samu, maganin da ke jikin gidan sauro kuma ya rage tasiri a kansa.