Linzamin Harshe a Wasiƙar Yakubu

A cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda aka fara bugawa gaba ɗayansa da Hausa a 1932 bisa aikin Likita Miller na Zariya da abokansa, akwai wata gajeruwar wasiƙa ta Yakubu. Sura ta 3 ta wasiƙar galibi a kan harshe take, ta kuwa kawo misalai uku: linzami a bakin doki, da ɗan katakon da ake juya babban jirgin ruwa da shi, da ƙanƙanuwar wuta mai cinye kurmi.

Misalin linzami shi ne ya fi nauyi. Duk mutumin Zurmi da ya ga ingarma ranar hawan salla ya san ba don a hana doki tafiya ake sa masa linzami ba, sai don ya bi inda mahayi ke so. Watau Yakubu bai nemi mutum ya zama bebe ba, ya nemi ya mallaki bakinsa ne. Misalin jirgin ruwa kuwa ba ya kama zuciya a nan ƙasar tudu. Mutumin Ƙaura Namoda, inda dogo ya iso a 1929, zai fi saurin ganewa da an ce masa ɗan ƙarfen da ake ja a sauya wa jirgin ƙasa hanya. Wuta dai ba ta bukatar fassara ga wanda ya taɓa ganin gobara ta kama dangar kara da hunturu.

Waɗansu Kirista sun bi wata hanya dabam, suka keɓe kansu a gidajen ibada bisa dokar Benedik na Italiya, inda shiru ya fi magana yawa. Har wani limami ɗan Nijeriya, Tansi, ya shiga irin wannan gida a Ingila a 1950, can ya rasu a 1964. Wannan horo ne mai girma, amma fa na bayan katanga ne. Dillali a kasuwar Shinkafi da bakinsa yake ci, ba dama ya kame shi. Abin da zai amfane shi linzami ne, musamman a shekarun nan na 'yan bindiga, da kalma guda ta cewa wane shi ke kai musu labari takan isa a rasa rai tun ba a bincika ba.

Duk da haka surar tana da giɓi. Ta bayyana ɓarnar magana sarai, ba ta ce kome ba game da ɓarnar kurum, irin na mashaidin da ya san gaskiya ya ƙi faɗa gaban alƙali don tsoro. Sai mai karatu ya kai ƙarshen sura ta 4 zai tarar an lasafta barin alherin da aka sani cikin zunubi, a aya guda tak, ba misali ko ɗaya.