Ishara Goma Sha Biyu: Nazari a Kan Farautar Ɓoyayyar Kyauta a Cikin Birni

Idan babban wasa ya gabato, akwai abin da ƙungiyoyin wasanni a biranen Amurka da Turai suka saba yi don su motsa magoya baya. Sai a ɗauki tikitin shiga fili, ko rigar ɗan wasa mai ɗauke da sa hannunsa, ko ƙwallon da aka buga wani wasa da ita, a kai wani lungu na gari a ɓoye, sannan a riƙa sakin ishara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga kowa isa wurin, kaya sun zama nasa. Nan da nan za ka ga matasa sun bazama cikin gari, waya a hannu, wannan na leƙa ƙarƙashin benci, wancan na laluben bayan allon talla.

Kyautar ba ita ta ja hankalina ba, domin duk mai kuɗi zai iya sayo riga ya ɓoye. Isharar ita ce sana'ar. Rubuta ta fasaha ce mai tarihi da ƙa'idoji, kuma a ganina yawancin ƙungiyoyin wasanni sun ɗauki ɓawon al'adar sun bar ƙwayar.

Jaridu ne suka raini wannan wasa, kuma neman kasuwa ne ya sa su. A farkon 1904 jaridar Weekly Dispatch ta Landan ta binne wasu 'yan ƙarafa a sassan birnin, ta ce duk wanda ya tono ɗaya ya kawo a musanya masa da kuɗi, ishara kuwa sai ka sayi jarida za ka gani. Abin ya zama tashin hankali. Jama'a suka fito da shebur da wuƙaƙe suna tone gefen titi da lambunan gidajen mutane, aka gurfanar da da yawa gaban alƙali, daga baya aka dakatar da gasar. Tun daga nan masu shirya irin wannan farauta suka koyi darasi na farko: isharar da ta yi faɗi da yawa, wadda kowace kusurwa ke iya zama amsarta, gayyatar ɓarna ce.

Wurin da na ga al'adar ta nuna sosai shi ne Saint Paul, babban birnin jihar Minnesota a arewacin Amurka. Tun 1886 garin ke yin bikin hunturu, wanda aka ce an fara shi ne don a mayar da martani ga wani ɗan jaridar New York da ya kwatanta garin da Saiberiya. A 1952 mai buga jaridar Pioneer Press, Daniel Ridder, ya ƙara wa bikin farautar ɓoyayyar kyauta. A shekarar farko akwati aka ɓoye, aka gano shi a wurin shaƙatawa na Highland. Daga baya aka koma ɓoye wata ƙwandala da ba ta wuce tafin hannu ba, kuma kyautar wanda ya cika dukkan sharuɗɗa ta kai dala 10,000. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne mutum ya sayi bajon bikin ya yi masa rajista tun da wuri.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ana ɓoye ƙwandalar a filin gwamnati cikin gundumar Ramsey. Jarida na sakin ishara ɗaya kowace rana, a baitoci masu amsa-amo, har zuwa 12 idan ba a riga an gano ba. Ba a bayyana sunan marubucin. Wannan kuwa a ƙarshen Janairu ake yi, lokacin da sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifiri. Kafin intanet ta karɓe ragamar, mutane kan yi layi da daddare a ƙofar ofishin jaridar suna jiran bugun farko, su karɓa da ɗuminsa, su tsaya ƙarƙashin fitilar titi su karanta, sannan kowa ya ruga mota. A filin kuwa za ka tarar da dattijo ya durƙusa a kan guntun kwali, tocila ɗaure a goshi, yana jan dusar ƙanƙara da manjagara a hankali kamar mai neman allura, yana ɗaga kowace ledar biskit da kowane gwangwani yana dubawa. Dalili shi ne ba a ajiye ƙwandalar tsirara. A kan lulluɓe ta cikin abin da ido zai ɗauka shara ce, kwalin abinci ko tsumma ko makamancinsu.

Gwanintar marubucin tana cikin yadda yake raba gaskiya a kan kwanaki goma sha biyu. Isharar farko kusan gaisuwa ce: tana tabbatar da iyakar fili, tana gargaɗi kada a tone ƙasa ko a taɓa dukiyar mutane, amma sau da yawa akwai wata 'yar kalma a ciki da sai an gama wasa za a gane nauyinta. Na tsakiya su ne masu daɗi. A nan ake karkatar da hankali, a ambaci ruwa a garin da kogin Mississippi ya ratsa kuma tafkuna suka cika, a ambaci tudu, a ambaci hasumiya, kowane mafarauci ya ga kamar unguwarsu ake nufi. Ta goma sha ɗaya takan kusan kama sunan wurin. Ta ƙarshe kuwa taku take ƙirgawa, daga wannan bishiya zuwa wancan dutse, kuma a daren da ta fito dubban mutane kan cika fili ɗaya.

Dabarun da ake amfani da su sanannu ne ga duk mai son wasa da harshe. Akwai birkita haruffan kalma ta ba da sunan titi. Akwai jera baitoci yadda haruffan farko za su haɗu su ba da suna. Akwai kalma mai fuska biyu. Amma wadda ta fi ƙarfi, wadda kuma ta sa nake ɗaukar abin a matsayin adabi, ita ce ishara da tarihin gari. Bari in ƙirƙiri misali don a ga yadda take aiki. A ce marubuci ya ambaci wani abin mamaki da ya faru a kan ƙanƙara a 1980. Baƙo ba zai ga komai ba. Ɗan gari zai tuna cewa a wannan shekara ce 'yan wasan hokin ƙanƙara na Amurka suka doke Tarayyar Sobiyat a gasar Olamfik ta Lake Placid, kuma mai horar da su, Herb Brooks, haifaffen Saint Paul ne da ya tashi a gabashin birnin. To, hankali ya koma gabas, inda tafkin Phalen yake. Idan kuma aka ambaci Italiya, sai a tuna cewa tafkin Como na garin sunan wani tafkin Italiya ya ci. Mutum ba zai ci wannan wasa ba sai ya san su wa aka raɗa wa tituna sunayensu, wane gini aka rushe, ina tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta bi. Garin da ya haifi marubuci F. Scott Fitzgerald da gwanayen wasan besbol irin su Dave Winfield da Paul Molitor da Joe Mauer ba ya rasa abin da za a yi ishara da shi.

Mai karatu Bahaushe zai ji ƙamshin kacici-kacici a nan, kuma da gaskiyarsa. A dandali, idan aka ƙulla maka ka kasa kwancewa, sai ka ba da gari, mai tambaya ya karɓa ko ya ce bai ishe shi ba, sannan ya faɗi amsa. Muhimmin abu shi ne dole ya faɗe ta, kuma dole amsar ta gamsar da kowa, har wanda ya kasa ya ce ashe abin a gabansa yake. Idan ya kawo amsar da ba ta hau ba, yara ma sai su yi masa ca. Wannan ƙa'ida ce ke riƙe da farautar Saint Paul. Bayan an gano ƙwandala, jaridar takan buga bayanin kowace ishara, baiti bayan baiti, abin da marubuci ya nufa da inda ya yi nuni. Ranar ce ake yi masa hisabi. Mafarauta sukan yi muhawara mai zafi a kan ko wata ishara ta yi adalci ko ta yi nisan da hankali ba zai kai ba. Marubucin yana da damar ya ɓatar da kai, amma ba shi da damar ya yi maka ƙarya, kuma masu karatu sun san bambancin.

Wani lokaci lissafin kan kuɓuce masa. A 2007 an gano ƙwandalar a wurin shaƙatawa na Hidden Falls bayan ishara 3 kacal, har jaridar ta sake ɓoye wata don kada bikin ya mutu tun bai fara ba. Wannan ya nuna irin siririn zaren da marubucin ke tafiya a kai. Faransa ta ga ɗaya ɓangaren: mujiyar zinariya da Max Valentin ya shirya farautarta a 1993 da ishara 11 ba a gano ta ba sai Oktoban 2024, shekara 31 ke nan, shi kuwa ya rasu tun 2009. A Amurka, akwatin da Forrest Fenn ya ɓoye a tsaunukan Rocky ya ci rayukan mutum biyar kafin a same shi a 2020. Farautar cikin birni mai wa'adi da iyaka ta fi waɗannan tausayin ɗan Adam, kuma ban ga abin da ta rasa na daɗi ba.

Batun amana kuwa, labarin littafin Masquerade na Kit Williams ya ishi misali. A 1979 ya ƙera zomo na zinariya ya binne a Ampthill cikin Ingila, ya ɓoye hanyar gano shi a cikin zane-zanen littafin: mai karatu zai ja layi daga idon kowace halitta ya bi ta yatsunta zuwa haruffan da ke gefen shafi. Amsar ita ce inda inuwar wani gicciye, wanda aka kafa don tunawa da Catherine ta Aragon, ke faɗawa da tsakar rana a ranar da dare da yini suke daidaita. A 1982 wani mutum ya karɓi zomon. Sai a 1988 jaridar Sunday Times ta bankaɗo cewa bai warware komai ba, labarin wurin ya iso masa ne ta hanyar wadda ta taɓa zama budurwar mai zanen. Malaman kimiyya biyu da suka bi ƙa'ida suka warware ƙullin sun tashi hannu wofi. Abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna, domin dubban mutane sun ba da dararensu bisa yarda cewa ƙwaƙwalwa ce za ta yi hukunci. Shi ya sa ɓoye sunan marubucin Saint Paul ba ado ba ne. Kariya ce gare shi da ga wasan.

Ba na cewa tsarin Saint Paul ba shi da aibi. Wanda ke da mota, da kayan sanyi masu tsada, da aikin da zai iya ɗaukar hutu daga gare shi, ya fi mai aikin dare damar cin nasara. Sabon zuwa garin, kamar dubban 'yan Somaliya da 'yan ƙabilar Hmong da suka zauna a yankin, yana farawa ne a baya, domin tarihin da ake ishara da shi ba a gidansu aka ba shi labarinsa ba. Sai dai tarihi abu ne da ake koya a laburare kyauta, kuma kwana goma sha biyu sun isa mutum ya tambaya, ya karanta, ya haɗa kai da maƙwabci.

To, a kwatanta wannan da abin da ƙungiyoyin wasanni da kamfanoni suka fi yi yanzu. Ma'aikaci ya tsaya a wani wuri da ambulan, ya ɗauki hoton kusurwar gini ya saka a Instagram ko X. Cikin 'yan mintuna an gama. Wanda ya ci shi ne wanda ya yi sa'ar kasancewa kusa, ko mai abin hawa da ya fi sauri. Kamfanin Nike ya kai abin wani mataki a 2017, lokacin da ya sanya wa manhajarsa ta SNKRS tsarin da sai ka je wani wuri a cikin gari wayarka ta tabbatar kana nan, sannan a buɗe maka damar sayen takalmi. A lura, damar saye ce, da kuɗinka. Wannan tsere ne, kuma tsere ba laifi ba ne a harkar wasanni, amma babu abin warwarewa a ciki. Yana kuma dawo da haɗarin 1904 ta wata ƙofa, domin idan sauri kaɗai ke raba gardama, mutane za su keta titi a guje su yi tuƙin ganganci.

Abin takaicin shi ne babu mai kayan ishara kamar ƙungiyar ƙwallo. Magoya baya sun haddace shekaru da sunaye da sakamakon wasanni yadda ɗalibi bai haddace darasinsa ba, kuma tarihin kowace ƙungiya a warwatse yake cikin unguwannin garinta. Manchester United ta fara ne a 1878 da sunan Newton Heath, ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, a unguwar da ke nesa da filinta na Old Trafford. Arsenal ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ta a Woolwich a 1886, kudu da kogin Thames, ba ta ƙaura Highbury ba sai 1913, ta koma filin Emirates a 2006. Da za a ɓoye tikitin wasan ƙarshe a rubuta ishara da igwar da ke jikin tambarin ƙungiyar, taron farko zai nufi arewacin Landan inda filin yake yau, su yini suna laluben bakin ƙofa. Kaɗan ne za su tsaya su tambayi kansu daga ina igwar ta fito, su hau jirgi su tsallaka kogi zuwa Woolwich, kuma a cikin waɗannan kaɗan ɗin ya kamata mai tikitin ya fito.