Littafin Gita a Ma'aunin Makola

 

Da yawanmu a Nima da Maamobi, abin da muka sani game da addinin Hindu bai wuce abin da muka gani a fim ba, tun zamanin da iyayenmu ke cika silimar Dunia don kallon rawa da waƙar Indiya. Alhali addinin yana nan tare da mu a Ankara. A Odorkor akwai gidan ibadar da ake kira Hindu Monastery of Africa tun 1975, kuma wanda ya kafa shi ɗan Gana ne, haifaffen Senya Beraku, Swami Ghanananda Saraswati, wanda ya bar duniya a 2016. 'Yan Hare Krishna suna da nasu a Medie, kan hanyar Nsawam. Ga kuma Indiyawa masu manyan kantuna da 'yan kasuwarmu ke sarin kaya a hannunsu. Littafin da dukansu ke girmamawa shi ne Bhagavad Gita, kuma fassararsa ta Turanci ba ta da wuyar samu. Ɗalibinmu da ke sakandare ko jami'a zai iya cin karo da shi ko yaushe. Gara mu karanta shi tare, mu auna.

Wani zai ce, me ya kai takardar masallaci ga littafin wasu? To, ai ba mu muka fara ba. Abu Raihan al-Biruni, malamin Musulunci da aka haifa a 973, ya zauna ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekara ta 1030, kuma a cikinsa ya kawo maganganun Gita masu yawa da Larabci. Hanyarsa ita ce ya faɗi abin da mutanen suka yarda da shi kamar yadda su da kansu za su faɗa, kafin ya ce uffan. Ita muke so mu bi.

Gita baiti 700 ne a babi 18, wani yanki na doguwar waƙar Mahabharata. Labarin gajere ne. Rundunoni biyu na dangi ɗaya sun ja daga a filin Kurukshetra. Jarumi Arjuna ya sa a kai karusarsa tsakiya, ya duba, sai ya ga kakansa Bhishma da malaminsa Drona da 'ya'yan baffansa a sahun da zai harba. Jikinsa ya mutu, ya ajiye baka, ya ce ba zai yi ba. Mai jan karusar, Krishna, shi ne ya ɗauki sauran littafin yana ba shi amsa. Kashin bayan amsar, a babi na 2 da na 3, shi ne koyarwar da suke kira nishkama karma: ka yi aikin da ya hau kanka da kyau, ka cire zuciyarka daga abin da aikin zai haifar maka, riba ko hasara, yabo ko zagi. Kuma kada ka fake da wannan ka zauna, don ba mai rai da zai iya zama ba aiki, kuma duniya da aikin mutane take tsaye.

Nan littafin yake da ƙarfi, kuma ba za mu rage masa ba. Marubucinsa ya san cutar zuciya. Ya san mutumin da ke aikin alheri ido ɗaya na kan aikin, ɗayan na kan masu kallo. Ya bayyana yadda sha'awa ke haihuwar fushi idan ba ta samu ba, fushi ya rufe hankali, hankali ya tafi mutum ya hallaka, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kan layin masu atamfa a Makola ranar da ciniki ya ƙi ya ga wannan sarƙar da idonsa. A babi na 16 ya ƙirga ƙofofi uku na halaka: sha'awa, fushi, kwaɗayi. A babi na 17 ya raba kyauta uku. Akwai wadda aka bayar ga wanda ya dace, a lokacin da ya dace, ba a jiran ramuwa. Akwai wadda aka bayar da ƙyar ko da dogon buri, kamar mai jefa ƙugiya. Akwai kuma wadda aka bayar da wulaƙanci. Ɗalibin da ya haddace aya ta 264 a Suratul Baƙara kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, ko aya ta 9 a Suratul Insan kan masu ciyarwa ba su neman sakayya ko godiya, zai ji kamar ya taɓa bin wannan lungun. Mu da muke karanta sunayen masu ba da gudummawa a lasifika ranar maulidi da ranar suna, kowa da adadin abin da ya bayar, ya kamata mu ɗan ji kunya a nan. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim kan mutum uku da za a fara yi wa hisabi, mayaƙi da malami da mai kyauta, waɗanda suka yi don a ce sun yi, ya isa gargaɗi tun kafin wani littafi ya tuna mana.

Maganar aƙida ba ma buƙatar jan ta. A cikin Gita Krishna yana magana ne a matsayin Ubangiji da ya sauko cikin jikin mutum, kuma rai yana sauya jiki daga haihuwa zuwa haihuwa. Wannan ya yi hannun riga da tauhidi da mutuwa ɗaya da hisabi ɗaya, yaron da ke aji na farko a Islamiyya ma ya sani. Abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne yadda wannan aƙidar ke sauya ma'anar shi kansa "aiki ba don sakamako ba". A can, aikin da aka yi da buri ɗaure yake yi wa rai, ya dawo da shi duniya, ko da burin na aljanna ne, shi ya sa ake son a kwance buri gaba ɗaya. A wurinmu ba a ce ka kashe fata ba, an ce ka juya ta ga Allah. Hadisin niyya da Imamu Nawawi ya buɗe Arba'una da shi bai zargi mai niyya ba, ya ce kowa da abin da ya nufa. Tsoro da fata tare suke tafiya a littattafanmu. Sufaye irin su Rabi'atul Adawiyya sun yi magana kan bauta don soyayya zalla, amma ba wanda ya ce mai fatan lada ya yi zunubi. Haka ribar kasuwa. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina ba shi da komai, hanyar kasuwa ya nema a nuna masa. Hajiyar da ta fito daga Maamobi bayan asuba ta hau trotro zuwa Makola don ta samu na cefane da kuɗin makarantar yara, burinta na riba ba datti ba ne da za a wanke.

Amma ba ma nan ne muka fi tsayawa ba. Tambayar da littafin ya bar mu da ita ita ce: wane aiki? Cire zuciya daga sakamako yana gyara mai aikin, bai gaya masa ko aikin da kansa daidai ne ba. Amsar Gita ita ce svadharma, wato aikin da ke naka. Sau biyu, a babi na 3 da na 18, ya nanata cewa gara ka yi naka ko da da naƙasa da ka yi na wani da ƙwarewa. Sannan a babi na 18 ya zayyana wa kowane aji nasa: brahmin ilimi da kamun kai, kshatriya yaƙi da mulki, vaishya noma da kiwo da fatauci, shudra kuwa hidima ga sauran. Arjuna zai yi yaƙi ne saboda shi kshatriya ne. Idan aka haɗa waɗannan biyun, ka tsaya kan aikin ajinka, kuma kada ka duba abin da za ka samu, sai a ga wa ya ci riba. Malami ya zauna kan buzunsa ba ya duba lada, mai share bayan gida ya ci gaba da shara ba ya duba lada. Wa'azi ɗaya aka yi musu, amma ba kaya ɗaya suke ɗauke da shi ba.

Wannan sukar daga cikin Indiya ta fito. B. R. Ambedkar, wanda aka haifa a 1891 cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, kuma ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin Indiya, ya rubuta cewa Gita kariya ce ga tsarin aji huɗu, aka yi mata rigar falsafa. A 1956 ya bar addinin ya koma na Buddha tare da ɗimbin mabiyansa. Gandhi kuwa, wanda aka kafa mutum-mutuminsa a Legon a 2016 aka cire a 2018, yana ɗaukar Gita kamar uwa, kuma ya fassara filin yaƙin da cewa zuciyar mutum ce, ya ciro koyarwar rashin zub da jini daga ciki. Mutumin da ya harbe shi ranar 30 ga Janairun 1948, Nathuram Godse, shi ma a gaban kotu ya kawo misalin Arjuna da ya yaƙi nasa don abin da yake gani gaskiya ne. Ba mu ɗora wa littafin jinin Gandhi ba, don mu ma mun san yadda ake murɗe aya a kashe bayin Allah da ita. Abin da muke nunawa shi ne, natsuwar zuciya lokacin aiki ba ta zama shaidar cewa aikin adalci ne.

Makola da kanta ta ga haka. A watan Agustan 1979 sojojin AFRC suka rushe tsohuwar kasuwar, wurin da yau ake kira Rawlings Park, bisa zargin 'yan kasuwa da kalabule, ɓoye kaya da tsawwala farashi. An yi wa mata bulala a bainar jama'a a wancan zamanin. Da yawa daga cikin samarin da suka yi aikin za su iya rantsuwa cewa ba don aljihunsu suka yi ba, aikinsu na soja suka yi don ƙasa. Wataƙila ma gaskiya suke faɗa. Wannan bai mayar wa matar da ba ta taɓa ɓoye ko gwangwanin madara ɗaya ba jarinta, kuma ƙarancin kaya bai ƙare da rushewar ba.

Sai kayayei. Sunan ma rabinsa namu ne, "kaya" na Hausa da "yei" na Ga, wato mata. 'Yan mata ne daga arewa, Dagomba da Mamprusi da sauransu, da yawansu Musulmi 'yan'uwanmu, ga daro a ka, wani lokaci ga goyo a baya, suna bin mai sayayya daga layin tumatir zuwa tasha, da dare su kwana gaban shaguna. A ce wa wannan yarinyar ta yi aikinta kada ta duba sakamako, wa aka yi wa aiki? Shari'a a nan ta raba maganar gida biyu, kuma a ganinmu wannan rabon shi ne abin da Gita ta rasa. Ikhlasi tsakaninka da Ubangijinka ne. Haƙƙi kuwa tsakaninka da bawa ne, ana ƙirga shi, ana auna shi, ana kai ƙara a kansa. Hadisin Ibnu Majah ya yi umarni a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Sura guda aka saukar kan masu tauye mudu, kuma olonkar da aka bubbuga gindinta ta shiga ciki. Mai kaya ba shi da hurumin ya nemi ikhlasi daga mai ɗaukar masa kaya, nasa shi ne ya biya.

Adalci ya sa mu faɗi cewa Hindu da yawa ba sa karanta aji huɗun nan da ma'anar haihuwa. Suna kafa hujja da babi na 4, inda aka danganta rabon da hali da aiki, da babi na 9, inda aka ce mata da 'yan kasuwa da masu hidima duk suna iya kaiwa ga matsayi mafi girma. Gidan ibadar Odorkor ma hujja ce a hannunsu, tunda baƙar fata ɗan bakin teku ne wani malamin Indiya, Swami Krishnananda, ya naɗa. Mun karɓi wannan a matsayin yadda suke rayuwa da littafinsu, kuma maƙwabtaka da ciniki da mutunci suna nan tsakaninmu, kamar yadda Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya nuna da ya shiga cocin Christ the King a 2019. Sai dai karatun alheri da mabiya suka yi bai goge abin da ke rubuce a babi na 18 ba, kuma shekaru aru-aru da ma'anar haihuwa aka yi aiki da shi.

Kada kuma mu ɗaga hanci. Ba mu da aji huɗu a littafi, amma a zango har yau akwai gidan da za a hana aure don saurayin ɗan mahauta ne ko jikan wanzami, kuma akwai mai tambayar asalin kakan mutum kafin ya yarda ya bi shi salla. Kalmar haƙuri ma mun iya amfani da ita yadda wasu ke amfani da nishkama karma: malamin makarantar allo ya yi wata uku ba a ba shi komai ba, a ce masa ai aikin Allah ne, ladansa na lahira. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aikatau a gidan Alhaji, a ce ai riƙo ne, ba a maganar kuɗi tsakanin dangi. Kwamitin masallacin da ya ɗauki mai shara ko mai gadi ko malamin yara, ya rubuta albashinsa da ranar biya a takarda, ya sa hannu, ma'aji ya riƙa karanta wa jama'a ko an biya, a rana ɗaya da yake karanta abin da aka tara ranar Juma'a.