Bugun Farko, Ba a Taɓa Ɗora Masa Allura Ba

Akwai wata magana da dillalan tsofaffin fayafayan tekno na Birtaniya suke son rubutawa a ƙarƙashin hajarsu a kasuwar Discogs, har da alfahari: ba a taɓa ɗora masa allura ba. Faifai ne da ya shekara talatin da ɗoriya a duniya, wanda aka buga don ya girgiza bangon gidan rawa a Sheffield ko Leeds, amma tun fitowarsa daga masana'anta bai taɓa yin ko tari ba. Wannan bebancin nasa kuma shi ke ninka masa kuɗi. Mai wannan rubutu ya daɗe yana cin karo da maganar, har yau haushinta bai sake shi ba.

Duk mai bin wannan kiɗa ya san yadda abin ya faro. A Detroit ta Amurka aka haifi tekno, a hannun Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, sannan a 1988 Neil Rushton ya haɗa kiɗe-kiɗensu a kundi guda ya baza a Ingila. Samarin arewacin ƙasar suka ji, suka ce su ma za su iya. A 1989 wasu mutum uku a Sheffield, Steve Beckett da Rob Mitchell da Robert Gordon, suka kafa kamfanin Warp daga wani shagon sayar da fayafai. Faifansu na farko, "Track With No Name" na Forgemasters, guda 500 kacal suka buga, da ɗan tallafin da gwamnati ke bai wa masu fara ƙaramar sana'a, suka loda a motar aro suna bi shago-shago. Garin ma a lokacin yana cikin ƙunci, masana'antun ƙarfe sun yi ta sallamar ma'aikata, har sunan Forgemasters ɗin daga wani kamfanin ƙarfe na garin aka aro shi. Mutanen nan ba kayan tarihi suke ƙerawa ba. So suke yi kafin daren Asabar faifan ya isa hannun mai saka kiɗa.

To yau kwali mai launin shunayya na Warp ya zama abin ado. Ana saya, a zura a leda mai kauri, a jera a kanta, a ɗauki hoto a sa a Instagram. Sai ka rantse kwanukan jere ne a ɗakin amarya: an kashe musu dukiya, kullum ana goge su, amma ba wanda ya isa ya ci tuwo a ciki.

Abin da ya fi ba da haushi shi ne irin kiɗan da aka zaɓa aka yi wa wannan kulle. Da wani sanyayyen kiɗan goge ne na zaman falo, da da sauƙi. Amma salon da aka yi wa laƙabi da bleep, na Sheffield da Leeds da Bradford, rabinsa ba kunne ke jin sa ba, ƙirji ne. 'Yan ƙananan sautuka ne a sama kamar na agogon lantarki, a ƙasa kuma wani irin ruri mai nauyi da yake sa gilashin taga rawa. Wannan rurin gado ne daga manyan lasifikokin rege na 'yan asalin Jamaika da suka cika unguwannin garuruwan nan, kuma a cikinsu irin su Robert Gordon da 'yan Unique 3 na Bradford, masu "The Theme", suka taso. Matt Anniss ya rubuta littafi sukutum a kan wannan alaƙa, Join the Future, a 2019. Faifai mai inci 12 kuwa, da yake kiɗa ɗaya ko biyu ne a kowace fuska, layukansa na da faɗi, suna ɗaukar wannan nauyin yadda ya kamata. Duk hikimar tana cikin layukan, kuma ba ta fitowa sai allura ta bi ta kansu. Wanda ya mallaki "Testone" na Sweet Exorcist bai taɓa juya shi ba, baƙar roba ya mallaka da takarda mai launi.

Sai kuma batun maki. A kasuwar akwai matakai da ake auna lafiyar faifai da su, daga sabo fil har zuwa wanda ya sha jiki, kuma kowane ɗan karce yana zabge kuɗi. Rubutu a kan tambarin tsakiya ma aibi ne, har da gajeren sunan da dillalai suka ba shi. Alhali wannan rubutun shi ne shaidar cewa faifan ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Masu saka kiɗa na wancan zamani suna rubuta saurin bugun kiɗan da biro a jikin kwali don su san wanda zai hau kan wane. Wasu suna liƙa takarda su rufe sunan gaba ɗaya, kada abokin hamayya ya leƙo ya gane abin da ya tayar da jama'a tsaye, dabarar da masu kiɗan Jamaika suka daɗe suna yi. Kusurwar kwalin ta tauye saboda shiga da fita daga akwati, ga zoben da gindin kofi ya bari, ga ɗan ƙas-ƙas a farkon kiɗa inda aka yi ta ja da baya da yatsa ana neman bugun farko na ganga. Irin wannan faifan ne ya ga daren da ake ba da labari. Shi ne kuma mai tara fayafai na zamani yake yi wa kallon raini, ya wuce wurin wanda ya shekara talatin da ɗoriya a bayan sito ba wanda ya so shi.

Nan ma akwai abin dariya. Fayafayan da suka fi tasiri ba su ne suka fi tsada ba, don an buga su da yawa. "LFO" na Mark Bell da Gez Varley, samarin Leeds, ya kai lamba 12 a jerin waƙoƙin da aka fi saya a Birtaniya a 1990, an sayar da kusan 130,000. "Voodoo Ray" na A Guy Called Gerald shi ma ya taka lamba 12 a 1989. Abin da ya yi irin wannan yawo ba ya wuyar samu, saboda haka mai neman abin nuna wa tsara ba ya ɗaga kai ya dube shi. Ya fi son wanda aka buga kaɗan, ko da dalilin ƙarancin shi ne ba a saya ba a lokacin. Idan kuma aka sake buga wani tsohon abu mai wuyar samu, kamar yadda kamfanin Soma na Glasgow ya tattara ayyukan farko na The Black Dog a 2007, maimakon murna sai ka ji ana gunaguni, wai ai ba bugun farko ba ne. Kiɗan bai canza ba. Abin da ya canza shi ne yanzu ɗalibi ma zai iya saya.

Daga nan sai a koma leƙen asiri da madubin ƙara girma. Ana karkata faifai a gaban fitila ana karanta 'yan lambobin da aka zana a santsin da ke kusa da tambari, don a tabbatar bugun farko ne ko na biyu. Mutum zai iya yi maka bayanin bambancin launin tambari na rabin sa'a, ka tambaye shi yadda kiɗan fuska ta biyu yake, ya hau sosa ƙeya.

A tuna kuma da yadda aka yi kayan. 'Yan'uwan nan biyu na Orbital, Paul da Phil Hartnoll, a gidan iyayensu suka naɗi "Chime" a kan kaset, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ya fito a ƙarshen 1989 a ƙaramin kamfanin Oh-Zone, aka sake fitar da shi a 1990 ya kai lamba 17, suka je talabijin sanye da rigunan adawa da harajin kai na gwamnatin Thatcher. Richard D. James, wato Aphex Twin, faifansa na farko, "Analogue Bubblebath", wani shagon fayafai ne a Exeter mai suna Mighty Force ya fitar a 1991. Kiɗan marasa kuɗi ne, na ɗakin kwana da sito da filin gona, wanda har sai da majalisar dokoki ta yi doka a 1994 ta bai wa 'yan sanda ikon tarwatsa tarukansa. Duk tsadar da tsohon faifai zai yi a hannun dillali, ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya yi shi. Wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya: Rob Mitchell a 2001, Mark Bell a 2014, Richard H. Kirk na Sweet Exorcist a 2021.

Za a ce ai masu tarawar nan su ne suka adana kayan, ba don su ba da wasu ƙananan kamfanonin da suka mutu tun tuni sun tafi da kiɗansu. Haka ne, an ji, an gode musu. Discogs ɗin ma da aka kafa a 2000 don lissafa fayafayan kiɗan lantarki ya yi aikin da wata hukuma ba ta yi ba.

Mai wannan rubutu zai ƙara yarda da abu guda, ba da son ransa ba: Warp da kansu suka fara janyo kiɗan daga gidan rawa zuwa falo. A 1992 suka fitar da kundin Artificial Intelligence, mai ɗauke da B12 da Autechre da sauransu, a bangonsa ga wani mutum-mutumi ya baje a kujera, kwalayen Kraftwerk da Pink Floyd a yashe a ƙasa. Masu leda suna son kafa hujja da wannan hoton. Su sake dubawa da kyau. Kwalayen a ƙasa suke, ba a kanta ba, kuma mutum-mutumin sauraro yake yi.

Labarin Caustic Window ya nuna inda abin ya kai. Kundi ne na Aphex Twin da aka shirya fitarwa a tsakiyar shekarun 1990, aka fasa, sai 'yan ƙwayoyin gwaji kaɗan suka rage. A 2014 ɗaya ya ɓulla a Discogs ana neman dala 13,500. Maimakon wani attajiri ya sure ya kulle, sai masoya sama da 4,000 suka yi karo-karo a Kickstarter, suka tara fiye da dala 67,000, aka nemi amincewar mai kiɗan da kamfaninsa Rephlex, aka sayi faifan, aka ɗora masa allura, aka naɗe shi, kowa ya samu nasa a kwamfuta. Bayan an gama jin abin da ke ciki sai aka yi gwanjon robar a eBay. Markus Persson, wanda ya ƙirƙiro wasan Minecraft, shi ya saye ta a kan dala 46,300.